Rashin Barci: Wa Maganin Gyaran Tunani da Ɗabi'a Yake Karɓa?

Takarda mai layi-layi ake fara miƙa wa mai fama da rashin barci idan ya zo neman wannan magani. Kowace safiya, har tsawon mako ɗaya ko biyu, zai rubuta ƙarfe nawa ya kwanta, minti nawa ya yi kafin barci ya ɗauke shi, sau nawa ya farka, da lokacin da ya bar shimfiɗa. Mu ɗauki misalin wata malamar makaranta. Takardarta ta nuna tana kwanciya ƙarfe 8:30 na dare, tana tashi 5:30 na asuba, wato awa tara a kan gado. Da aka haɗa lissafi, barcin da take samu bai wuce awa biyar da rabi ba. Ragowar awa uku da rabin duk juyi ne, da kallon rufin ɗaki, da zullumin yadda za ta tsaya gaban ɗalibai gobe idan ba ta runtsa ba. Sai mai duba ta ya ce mata: "Malama, daga yau kada ki hau gado sai 12 na dare, kuma komai daɗin barcin, 5:30 ki tashi."

Ta zo neman ƙarin barci, ga shi an rage mata lokacin kwanciya. A cikin matan da za a ba wannan umarni, wata za ta daure, bayan 'yan makonni ta dawo tana godiya. Wata za ta yi iyakar ƙoƙarinta amma sauƙin ya zo kaɗan. Wata kuwa daga ranar ba za a sake ganin ƙeyarta ba. Shekara da shekaru masana barci suna neman amsar tambaya guda: za a iya gane wace ce wace tun ranar da suka shigo?

Yadda maganin yake aiki

Ana kiran rashin barci mai naci idan mutum yana shan wahalar samun barci ko riƙe shi aƙalla dare uku a mako, har tsawon wata uku, alhali yana da lokaci da wurin kwanciya, kuma abin yana shafar aikinsa da rana. Kusan mutum ɗaya cikin goma na manya yana cikin wannan hali. Maganin da ake magana a kansa, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da CBT-I, zama ne huɗu zuwa takwas tsakanin majinyaci da wanda aka horar, babu allura babu ƙwaya.

Ginshiƙansa ba sababbi ba ne. A 1972 Richard Bootzin a Amurka ya fito da dokokin raba gado da zaman ido biyu: kada a kwanta sai an ji barci, idan barci ya ƙi zuwa a tashi a bar gadon har sai ya dawo, a tashi lokaci guda kullum, a daina rama barci da rana. A 1987 Arthur Spielman da abokan aikinsa suka kawo dabarar taƙaita lokacin kwanciya, irin wadda aka ɗora malamar nan a kai. Ana raba awannin barci da awannin kwanciya. Nata lissafin ya ba da kashi 61 cikin 100. Idan mako ya zagayo lissafin ya kai kashi 85 ko sama, sai a ƙara mata minti 15, a haka a haka har a sami gwargwadon da jikinta yake buƙata. Daga baya Charles Morin na Jami'ar Laval a Kanada da wasu masana suka ƙarfafa ɓangaren tunani, wato warware irin zancen zucin da ke cewa "idan ban yi awa takwas ba gobe na shiga uku."

Spielman ne kuma ya ba da bayanin da aka gina komai a kansa. Akwai abin da mutum ya taso da shi na saurin farkawa, akwai abin da ya tayar da ciwon kamar rasuwa ko bashi ko rashin lafiya, sannan akwai abin da ke raya ciwon bayan musabbabin ya wuce: kwanciya da wuri don kamo barci, daɗewa a gado da safe, tsoron zuwan dare. Na ukun nan maganin yake kai wa hari. A riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin tambayarmu.

A 2016 ƙungiyar likitocin cututtukan cikin jiki ta Amurka ta ce da wannan magani ya kamata a fara kafin a kai ga ƙwaya, masana barci na Turai suka ce haka a 2017. Amma ba kowa yake warkarwa ba. Akwai ma'aunin tambayoyi bakwai da Morin ya tsara, mai maki daga 0 zuwa 28. Wanda makinsa ya ragu da takwas ko fiye ana cewa ya sami sauƙi na gaske. Wanda ya sauko ƙasa da takwas ana cewa ya warke. A gwajin da Morin ya wallafa a 2009 kan mutum 160, bayan mako shida kusan kashi 60 cikin 100 sun sami sauƙi, kusan kashi 40 sun warke. Ke nan a kowane mutum goma, huɗu suna komawa gida ba tare da sauƙin da suka zo nema ba. Ga shi masu ba da maganin ba su da yawa ko a ƙasashe masu arziki. Wannan ne ya sa neman hanyar hasashe ya zama dole.

Zaton da bincike ya rushe

Da farko an ɗauka amsar a fili take. Tsoho barcinsa ya riga ya lalace, wanda ya shekara ashirin yana fama ya makara, mai ciwon damuwa sai an warkar da damuwar tukuna, wanda ya saba da ƙwayar barci kuwa ba zai iya rabuwa da ita ba. Ɗaya bayan ɗaya waɗannan zato suka faɗi.

A 2001 Colin Espie da abokan aikinsa a Sikotilan suka bibiyi majinyata 109 da aka yi wa maganin a ƙananan asibitocin unguwa, har shekara guda bayan an gama. Shekaru da jinsi ba su nuna komai ba. Masu shan ƙwayar barci sun amfana daidai da waɗanda ba sa sha. Waɗanda suka zo da alamun damuwa da fargaba ma sun fi nuna ci gaba. A 2015 aka tattara gwaje-gwaje 37 da aka yi kan masu rashin barci haɗe da wani ciwon, na jiki ko na ƙwaƙwalwa, aka ga kashi 36 cikin 100 na waɗanda aka yi wa maganin sun warke, a kan kusan kashi 17 na waɗanda ba a yi wa ba. Mai ciwon gaɓoɓi, mai sankara, mai damuwa, duk akwai rabonsu a ciki.

Tsananin ciwon kansa yana da fuska biyu, kuma binciken Espie ya nuna duka biyun. Wanda ya zo da maki 24 yana da dogon zangon da zai sauko, don haka yakan fi kowa rage maki, amma sauka ƙasa da takwas yana yi masa wuya. Wanda ya zo da ƙaramin maki taku kaɗan ya rage masa ya warke, sai dai ragin nasa ba zai yi yawa ba. Mai bincike da ya ƙirga sauƙi zai ce masu tsanani sun fi amfana, wanda ya ƙirga warkewa ya ce akasin haka, alhali mutane iri ɗaya suke kallo. Wani ɓangare na saɓanin da ake gani tsakanin masana a wannan fanni daga nan ya samo asali.

Masu gajeren barci na haƙiƙa

Hasashen da ya fi jan hankali ya fito ne daga Jami'ar Jihar Pensilbeniya, wajen Alexandros Vgontzas da abokan aikinsa. An daɗe da sanin cewa abin da mai rashin barci yake ji da abin da na'ura take nunawa sukan bambanta. Mutum zai rantse bai yi awa uku ba, amma idan aka kwantar da shi a ɗakin gwaji aka manna masa wayoyi a kai, sai a ga ya yi shida da rabi. Wani kuma na'urar ta gaskata shi. Vgontzas ya ce waɗannan ciwo biyu ne. A binciken da ya wallafa a 2009 kan mutum 1,741, masu rashin barci da na'ura ta nuna ba su wuce awa biyar ba sun ninka masu lafiyayyen barci kusan sau biyar wajen haɗarin hawan jini. A ganinsa jikin irin waɗannan a kunne yake dare da rana, sinadarin kotisol mai tayar da jiki yana yawa, zuciya ba ta lafawa. Idan haka ne, maganin da ke gyara ɗabi'a da tunani zai fi karɓar wanda ciwonsa ɗabi'a da tunani ke rayawa, shi kuwa mai gajeren barci na haƙiƙa wataƙila sai an haɗa masa da magani na sha.

Akwai hujjar da ke mara wa wannan baya. Da aka tattara gwaje-gwaje 20 a 2015, an ga maganin yana rage jiran barci da kimanin minti 19, yana rage zaman ido biyu a tsakar dare da minti 26, amma jimlar barcin da ya ƙara a ƙarshen jinya ba ta kai minti takwas ba. Aikinsa na farko shi ne harhaɗa barcin da ya tarwatse ya zama dunƙule guda. Wanda ke kwance awa tara yana barcin shida da rabi yana da abin da za a harhaɗa masa. Wanda duk abin da jikinsa ke bayarwa awa huɗu da rabi ne, ina za a rage masa?

A 2017 Christina Bathgate da Jack Edinger suka duba mutum 60 da aka auna barcinsu da na'ura mai kama da agogon hannu. Waɗanda ke yin ƙasa da awa shida sun sami sauƙi ƙasa da sauran, kuma bayan wata shida tazarar tana nan. Sai dai a Adelaide ta Ostireliya, Nicole Lovato da Leon Lack sun gwada dattawa 91 a 2016, suka ga masu gajeren barci da masu tsawonsa sun amfana kusan daidai. Da aka sake duba bayanan gwajin Morin na 2009 a 2019, nan ma ba a sami bambanci mai ƙarfi ba. Wani nazari na 2023 da ya haɗa irin waɗannan bincike ya karkata ga cewa masu gajeren barci suna samun sauƙi ƙasa da sauran, amma binciken da aka haɗa ƙanana ne, wasu sun auna da agogo, wasu da wayoyi, wasu dare ɗaya tak. Barcin dare ɗaya a baƙon ɗaki kuwa ba ya wakiltar barcin mutum. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne: gajeren barci na haƙiƙa alama ce ta a sa ido sosai, amma ko a binciken da ya fi tsananta, akwai masu gajeren barcin da suka warke. Bai isa dalilin mayar da kowa gida ba.

A Holan an bi wata hanyar. Tessa Blanken da Eus van Someren sun yi wa mutum fiye da 2,000 masu rashin barci dogayen tambayoyi kan halayensu da tarihin rayuwarsu, suka wallafa a 2019 cewa sun kasu gida biyar, gwargwadon yawan ƙuncin zuciyarsu, da yadda suke jin daɗin abin daɗi, da yadda al'amuran rayuwa ke girgiza su. An ga alamun cewa gidajen sun bambanta wajen karɓar magani. Tunani ne mai kyau, sai dai har yanzu bai zama ma'aunin da likita zai zaɓa wa mutum magani da shi ba. Haka ma ƙoƙarin da ake yi na sa kwamfuta ta tace ɗaruruwan bayanai ta fitar da hasashe: lissafin da ya yi daidai a kan mutanen da aka koyar da shi da su yakan yi rauni idan aka kai shi wani asibitin.

Waɗanda ya wajaba a tantance tun farko

Akwai inda tambayar ranar farko take da amfani ƙwarai, wato wajen gano wanda ciwonsa daban ne, ko wanda taƙaita kwanciya zai iya cutarwa. Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci yakan zo da kukan yawan farkawa, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu rashin barci suna da wannan matsala. Binciken Alexander Sweetman a Adelaide ya nuna maganin yana yi musu aiki, har yana taimaka musu su jure na'urar hura iska da ake sa musu a hanci, amma dole a yi maganin numfashin shi ma. Wanda ƙafafunsa ke hana shi sakat da dare sai ya motsa su, sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe ne a jikinsa. Matashin da barci ba ya zuwar masa sai ƙarfe uku na dare, amma idan aka ƙyale shi zai yi awa takwas lafiya lau, agogon jikinsa ne ya ja baya, kuma hasken safiya da daidaita lokaci yake buƙata. Mai aikin dare da wanda zafi da sauro ko kukan jariri suka hana runtsawa, damar barcin ce ba su samu ba.

Makon farko da na biyu na taƙaita kwanciya suna zuwa da gyangyaɗi na gaske. Simon Kyle ya nuna a 2014 cewa a wannan lokaci hankalin mutum yana raguwa, martaninsa yana yin nauyi. Direban babbar mota da mai aiki da injin yanka ba za a ɗora su a kai kai tsaye ba. Ga mai farfaɗiya, ƙarancin barci na iya tayar da ciwon. Haka yake ga mai ciwon ƙwaƙwalwar nan da ke kai mutum tsakanin matsananciyar damuwa da zumuɗi marar iyaka. Irin waɗannan ana sassauta musu, a rage lokacin a hankali, likita yana lura.

Wanda ya tsaya da wanda ya gudu

Idan aka cire waɗannan, abin da ya fi raba mai amfana da marar amfana shi ne ko mutum ya iya bin tsarin har ƙarshe. A 2008 Jason Ong da Rachel Manber a Jami'ar Stanford suka duba majinyata 528 don gano masu barin jinya da wuri. Sun sami rukuni biyu: waɗanda barcinsu bai kai kimanin awa uku da minti arba'in ba, da kuma masu alamun damuwa mai nauyi. Lura da wannan da kyau. Mai damuwa idan ya tsaya yana amfana, amma shi ne ya fi saurin karaya. Ke nan abin da yake buƙata a riƙe hannunsa da kyau.

Yanayin rayuwa ma yana da nasa. Da aka mayar da maganin manhajar intanet, irin su Sleepio da SHUTi, ya isa ga dubban mutane, amma masu bari a hanya sun yi yawa, kuma binciken Philip Cheng a Detroit ya nuna masu ƙaramin ƙarfi da ƙarancin karatu sun fi bari. A 2022 Eric Zhou a Boston ya gwada manhajar SHUTi a wani gwaji mai mata baƙaƙen fata 333. Wasu aka ba su yadda take, wasu aka gyara musu ita da fuskoki da misalai irin na rayuwarsu. Kashi 78 cikin 100 suka kammala gyararriyar, kashi 65 suka kammala ta asalin. Maganin bai canza ba, shigar da aka yi masa ce ta canza.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye, domin kusan duk binciken nan a Turai da Amurka da Kanada da Ostireliya aka yi shi. Dokar "tashi ka koma wani ɗakin" an rubuta ta ne ga mai falo da wutar lantarki. Matar da ke ɗaki ɗaya da yara uku, sai dai a ce ta sauko ta zauna a tabarma. A ɗaya ɓangaren kuma, mai tashi sallar asuba kullum ya riga ya mallaki abin da ake wahalar koya wa wasu, wato tsayayyen lokacin tashi, sai dai a tattauna da shi kan komawa barci bayan salla da tsawon ƙailula. Ba kuma lallai sai babban likita ba: a gwajin da Kyle ya jagoranta daga Oxford, wanda aka wallafa a 2023, ma'aikatan jinya a ƙananan asibitoci 35 na Ingila ne suka ba da taƙaita kwanciya cikin gajerun zama huɗu, a gwaji mai mutum 642. Bayan wata shida kashi 42 cikin 100 sun sami sauƙi na gaske, a kan kashi 17 na waɗanda aka ba takardar nasiha kawai.

Laraba da Juma'a

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma mafi ƙarfin abin da aka gano a wannan fanni ya yi daidai da haka. A cibiyar Karolinska ta Suwidin, Erik Forsell da Viktor Kaldo suka sa majinyata 251 a jinyar mako tara ta intanet. Ba su yi hasashe a ƙofa ba. Sun bari sai wajen mako na huɗu, suka duba yadda makin kowa yake tafiya, ko yana bin tsarin, da abin da mai kula da shi yake gani. Mutum 102 suka fito a matsayin masu haɗarin faɗuwa. Aka yi musu ƙuri'a: rabi suka ci gaba yadda ake yi, rabi aka ƙara musu kulawa, ana kiran su a waya, ana gano inda suka maƙale, ana sauya musu tsari. Cikin waɗanda aka bari yadda suke, kashi 64 cikin 100 ba su sami sauƙi ba. Cikin waɗanda aka ƙara wa kulawa, kashi 37. Cikin waɗanda tun asali ba a ga haɗari tare da su ba, kashi 23. An wallafa wannan a 2019, kuma ya tabbatar da abu biyu a lokaci guda: hasashen tsakiyar hanya yana kamawa, kuma ana iya karya shi.

Gwajin da Morin da Edinger suka wallafa a 2020 kan mutum 211 ya ƙara haske. An fara wa wasu da gyaran ɗabi'a, wasu da ƙwayar zolpidem, wanda bai warke ba bayan mako shida aka sauya masa wani maganin. Mataki na biyun ya ceto da yawa daga waɗanda na farko bai yi wa ba, kuma jerin da aka fara da gyaran ɗabi'a ya fi kyakkyawan ƙarshe. Rashin dacewa a zagayen farko ba ya rufe ƙofa.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Duk hasashen da za a yi amfani da shi don hana mutum magani, ilimin da ke hannu bai kai a dogara da shi ba, kuma waɗanda zai fara korewa su ne mafi buƙata: mai damuwa, talaka, wanda barcinsa ya fi na kowa ƙaranci. Amfanin hasashe shi ne ya nuna wa za a ƙara wa lokaci, wa za a sassauta wa doka, wa za a aika gwajin numfashi, wa za a haɗa wa da magani na sha.

Mu koma ga malamarmu. Ranar farko, abin da ya wajaba a tambaye ta kaɗan ne: tana minshari, tana da farfaɗiya, tana tuƙi mai nisa, yaya zuciyarta take, da wa take kwana a ɗaki. Sauran amsar tana cikin takardar nan mai layi-layi. Idan ta dawo a mako na uku ko na huɗu lissafinta ya tashi daga 61 zuwa 80, a ƙarfafa mata guiwa a ci gaba. Idan layukan babu komai a ciki, ko ta koma kwanciya ƙarfe tara saboda gajiya ta ci ƙarfinta, a zauna da ita a ji abin da ya faru, a gyara tsarin ya dace da gidanta. Idan kuma ba ta dawo ba sam, a ɗauki waya a kira ta.